Jinin Yaya a Akwatin Ɗumi

Ɗaliban da Farfesa take koya wa gyaran ƙwayoyin gado a ajin digiri na biyu ba su da yawa, kuma a cikinsu babu mai naci kamar Auta. Sunan gida ne ya biyo ta har jami'a, domin wanta ne ya rako ta ranar farko, ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa, "Auta, kar ki ba mu kunya."

Yayan nata mai gyaran waya ne, kuma da ciwon sikila aka haife shi. Da aka nemi masu ciwon da za su ba da jini don bincike, shi ya fara miƙa hannu. Farfesa ta zaunar da shi ta ce masa, "Ka fahimta, wannan karatu ne. Ba magani za mu ba ka ba."

"Na gane, ranki ya daɗe," in ji shi yana dariya. "Ni ma wayoyin da na koyi gyara da su, babu wadda ta tashi."

Aikin Auta shi ne ta ware ƙwayoyin da ke haifar da jini, ta gyara wurin da kuskuren da ke jawo sikila yake, ta rene su a ɗan faranti cikin akwatin ɗumi har su zama jajaye. Sau da dama suna mutuwa a hannunta. Wani lokaci ƙwayar cuta ce ta shiga ruwan da ake renonsu a ciki ya gurɓace, wani lokaci ba a san dalili ba. Farfesa ba ta faɗa, sai dai ta ɗaga farantin ta duba a haske, ta ce, "Sake."

A zango na biyu abin ya yi. Aka rage musu iska kamar yadda ake gwadawa, ƙwayoyin da ba a taɓa ba suka lanƙwashe kamar lauje, waɗanda Auta ta gyara kuwa galibinsu suka tsaya kewayayyu. Ta kira yayan nata a waya tana haki. Ya ce zai zo ya gani da idonsa in ya sami sarari a shago.

Bai zo ba. A makon ciwon ya kama shi a ƙirji, aka kwantar da shi, ya cika da hantsi, mahaifiyarsu na riƙe da ƙafarsa.

Da Auta ta dawo bayan zaman makoki, ta tarar Farfesa da kanta ta riƙa canza wa ƙwayoyin ruwa. Auta ta kasa buɗe akwatin.

"Akwai sauran da muka daskarar," in ji Farfesa. "Yayanki ya ba da izini, amma ba zan ci gaba ba sai da yardar gidanku. In kun ce a daina, yau za a daina."

Auta ta kai maganar gida. Mama ta ce, "Ku kai ni in gani."

Washegari aka sa mata farar riga a kan mayafinta, aka ba ta safar hannu da ta yi mata yawa. Auta ta daidaita mata na'urar duba ƙananan abubuwa, ta nuna mata yadda za ta sa ido. Mama ta daɗe a sunkuye.

"Wannan jininsa ne?"

"Nasa ne, Mama."

"Kuma lafiya lau yake?"

"A farantin, eh."

Ta ɗago ta dubi Farfesa. "To, baiwar Allah, me ya hana a mayar masa?"

Farfesa ta jawo kujera ta zauna gab da tsohuwar, ta yi mata bayani ba tare da kwana-kwana ba. Ba su riga sun tabbatar gyaran bai ɓata wani wuri ba. Kafin a mayar wa mutum, sai an fara kashe tsohon ɓargonsa da magani mai ƙarfi, kuma hakan yana buƙatar asibiti irin wanda ba su da shi. Ko da komai ya tafi daidai, tsakanin farantin nan da jikin mutum akwai shekaru.

"Da kin ce min saura kaɗan ne, da ban yafe muku ba," in ji Mama. Ta share ido da bayan hannu, safar ta jiƙe. "Ku bar shi a nan. Ba ya son zaman banza dama."

Ta nemi a bar ta ta sake dubawa sau ɗaya, sannan Auta ta raka ta bakin titi.

Da sababbin ɗalibai suka shigo, Farfesa ta ɗora wa Auta koya musu aikin hannu. Ranar farko ta tsaya gabansu da farantin, ta kasa fara bayani, Farfesa ta karɓa ta gama darasin. Mako na gaba Auta ta yi shi da kanta. Wani ɗalibi ya yi gaggawa ya zubar da rabin ruwan a kan tebur, ya tsaya yana kallon ɓarnar. Ta miƙa masa auduga, ta nuna masa yadda zai kafa gwiwar hannunsa a kan teburin kafin ya ɗiba.