Bangon Mai Yatsu Huɗu

Tela bai taɓa jin ƙyashin kowa a garin nan ba, don a ganinsa ba wanda ya kai a yi ƙyashinsa. Gidansa ne na bulo na farko a layin, ga fenti, ga rufin kwano shuɗi, ga ƙofar ƙarfe wadda idan aka buga ta har bakin rijiya ake ji. A nan wurin gidan kakansa yake a da, mutumin da ake kira Mai Yatsu Huɗu saboda gatari ya tafi masa da ɗan ƙaramin yatsa. Shi ya fara saran dajin, shi ya haƙa rijiya, shi ya kafa ɗakin farko. Kowa daga baya ya zo ya tarar da shi.

Da Tela ya samu wadata sai ya baje tsohon gidan ƙasar, ya bar bango ɗaya tak. Ba don so ya bar shi ba. Kakan Mai Zuma, maƙwabcin Tela, lokacin da ya zo garin, bai gina bango huɗu ba. Uku ya gina ya jingina da na Mai Yatsu Huɗu, ya cusa azarar rufinsa a ciki. In aka taɓa bangon, ɗakin Mai Zuma ya tafi. Sai Tela ya kifa wa bangon fallen kwano a ka don ruwa, duk shekara kuma yana yaɓe ɓangarensa yana mita.

Shi kuwa Mai Zuma ko a jikinsa. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna birni, yana zaune shi kaɗai a gidan da ƙofarsa sai ka sunkuya kamar mai neman allura. Tare suka tashi da Tela, amma rabon Tela da shiga ɗakin tun suna yawo ba wando, don ya ce warin kakin zuma yana sa masa ciwon kai.

Ana nan sai ga wata malama daga jami'a da motar ɗalibai, wai tarihin yadda aka kafa garuruwan karkara suke bi, suna neman tsofaffin gidaje. Mutanen gari ba su yi wata-wata ba suka nuna musu gidan Mai Zuma. A ina direba zai ajiye motar? A inuwar gidan Tela, daidai tagar shagonsa. Ɗalibai suka sauko, suka ba fentinsa baya, suka shiga ɗaukar hoton bangon ƙasa. Wata ma ta leƙo shagon ta ce, "Baba, don Allah a ara mana benci." A kan bencin Tela aka zaunar da Mai Zuma, da tsohuwar rigarsa mai tabon hayaƙi, ana ta tambayarsa yana ta washe baki.

Tela ya koma kan ɗinkinsa. Ranar sau biyu yana ɗinke hannun riga a baibai.

"Ka ga ikon Allah," ya ce wa matarsa da yamma. "Mutanen da suka zo da tabarma ɗaya suka raɓa da mu, yau su ne masu gari. Kakansa ko bango huɗu bai iya haɗawa ba."

"To Maigida, ka fita ka gaya musu mana," in ji ta. "Baki gare ka."

"In nuna musu me? Tayil?"

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Gaskiyar magana, abin da ke cinsa ke nan. Sunan kakansa yana neman ɓacewa daga garin da ya kafa, kuma da hannunsa ya kwashe shaidar ya cike ramin bayan gari da ita.

Malamar ta dawo bayan mako, ta sake dawowa, kowane zuwa da sababbin fuskoki. Ta tsaya ƙofar shagon ta yi sallama, ta ce tana son magana da shi. Tela ya duƙar da kai ya taka keken ɗinki da ƙarfi har almakashi na rawa a kan tebur. Da ta ƙara matsowa ya ce, "Ni ɗinki na sani, Malama. Mai tarihi yana can." Ta ba shi haƙuri, ta tafi.

Mai Zuma ma ya zo da kansa, da 'yar kwalbar zuma a hannu.

"Tela, ka shigo ɗakina ka ga wani abu. Minti ɗaya."

"In ga me? Gara ko ɓera?"

"Kai dai ka zo."

"Ka je ka nuna wa baƙinka. Ai kai ne sarkin gari yanzu, mu 'yan ba da aron benci ne."

Mai Zuma ya dube shi, ya ajiye kwalbar a bakin taga ya juya. Tela bai taɓa zumar ba, har tururuwa suka gano ta.

Da damina ta kawo kai, lokacin yaɓe ya yi, Tela bai kwaɓa ƙasa ba. Wata safiya ma ya kafa tsani, ya cire fallen kwanon da ke kan bangon, ya jingine shi a jikin akurkin kaji. Ya karkata indararon rufinsa yadda ruwa zai riƙa sauka a gindin bangon.

Matarsa tana shanya ta tsaya. "Maigida, me ke nan?"

"Kwanona ne. Kajina na jiƙewa."

"Kajinka na jiƙewa tun yaushe? Ka ji tsoron Allah, mutum na kwana a ɗakin nan."

"Masu hoto su zo su rufa masa," ya ce, yana sauka daga tsani. A ransa ba ya nufin a mutu. So yake kawai bangon ya tsage, ya yi muni, motar ta daina tsayawa a inuwarsa. Haka dai yake gaya wa kansa.

Ruwan farko bangon ya shanye. Na biyu ya bar masa baƙin tabo daga sama har ƙasa. Na uku aka wuni ana yi, kuma da la'asar, Mai Zuma yana can daji wajen amyoyinsa, Tela ya ji wani nishi mai nauyi daga tsakar gida, sannan ƙasa ta girgiza. Ya fito da tef ɗin awo a wuya. Bangon ya zauna. Rufin Mai Zuma ya rufta a kansa, azara ta yi cirko-cirko, ga gadon mutumin a fili ruwa na dukansa.

Maƙwabta suka taru. Mai Zuma ya iso jiƙe sharkaf, bai kalli gado ba, bai kalli akwatin kayansa ba. Ya durƙusa a cikin laka yana tono da hannu ta inda kan gadon yake. Aka ce ya bari a ɗauko shebur, ya ce shebur zai fasa. Can ya ciro wani ɓangaren yaɓe kamar faɗin faranti, ya taso da shi a hankali ya nufo Tela.

Sawun tafin hannu ne, an danna shi a ɗanyar ƙasa tun ranar gini. Babban yatsa, sai uku. Inda na biyar zai kasance babu komai.

"Shi nake nuna musu," in ji Mai Zuma. "Duk wanda ya shigo sai na ce masa, ga hannun wanda ya kafa garin nan, jikansa na nan a shago, mu jingina muka yi. Malamar so take ta ɗauke ka hoto kusa da shi."

Tela ya matso. Ya miƙa hannu biyu ya karɓa. Ƙasar ta riga ta sha ruwa, ga shi har yanzu ana yayyafi. Ya sunkuya ya kare ta da ƙirjinsa, ya juya zai ruga da ita cikin shago, amma kafin ya kai ƙofar ƙarfen ta rabe gida biyu, yatsun suka narke suka bi ta tsakanin nasa.

Mai Zuma ya waiwaya. Idonsa na kan fallen kwanon da ke jingine a jikin akurki. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya koma ya fara janyo katifarsa daga ƙarƙashin azara.