Guguwar da Ba Ta Taka Ƙasa

...kuma iskar ma ta ƙi zuwa. Na ɗaga ƙwarya, dawa na zuba, ƙaiƙayi na bin ta ƙasa kamar an ɗaura musu aure. Yau da nake neman iska a masussukar Durba, yau take yi min rowa. Ke kuwa, Guguwa, kina can Rano gidan gwaggonki, kin ce da la'asar za ki hau babur ki zo jin amsa. Amsa! Babanki ya zame abinsa — "duk abin da uwarta ta ce." Malam Lado ke nan, ya iya ɗora wa mutum tukunya mai zafi a hannu ya wuce masallaci.

Karatu a ƙasar waje, wai. Karatun me? Iskar wata duniya. Ni ta nan ma ta gagare ni...

Ranar da kika nuna min hoton duniyar a waya, na ce wainar ƙwai ce ta ƙone a gefe. Dariya har kina riƙe ciki. "Iya, Mushtari ce, ƙatuwar duniya, duk iska ce. Jan tabon nan guguwa ce, za ta iya haɗiye duniyarmu ɗungurungum." Na yi a'uzu, na jawo faifai na rufe fura — hannuna ne ya yi, ban sa shi ba. Guguwa na can ƙuryar sama, ni ina rufe fura a Durba! Har yau Suwaiba maƙwabciyata tana tsokanata da shi.

To ai haka aka koya mana. In guguwa ta taso a rufe abinci, a janye yara, aljanu ne ke wucewa da amaryarsu. Ita waccan fa? Tun kafin a haifi kakar kakata take juyawa, in ji ki. Wane irin biki ne ba a watsewa? Su wa ke yi musu girki?

Ke ma haka... kina rarrafe kin kifar da tulu, kin tarwatsa kaji, shanya duk a ƙasa. Kakarki ta ce wannan ai guguwa ce. Na ji daɗi wallahi, na samu abin kira. 'Yar fari — ina ni ina faɗin sunanki? A asibiti ma da aka tambaya sai na sunkuyar da kai, Suwaiba ce ta faɗa. Ranar da kika ci jarrabawa kowa na guɗa a tsakar gida, ni na yi tawa murnar a bayan ƙofa.

Ga wata 'yar ƙarama can ta taso a gonar Ramalan... ta kwashi karmami, tana rawa, tana rawa — ta doki kukar bakin hanya. Shi ke nan, ta zube.

Na tambaye ki, ita ta Mushtari me ya hana ta mutuwa? Kika ce, "Babu ƙasa a can, Iya. Ba dutse, ba itace, ba katanga. Ba abin da za ta yi karo da shi." Kin faɗa kina cin gyaɗata, ko kallona ba ki yi ba. Wai ma ta fara ramewa, ana ta auna ta, dalilin za ki je ki gano. Guguwa ta rame har an damu! Ni da na rame da goyonki, wa ya auna ni?

Ba katanga...

Ina so ki zauna, gaskiyar ke nan. Ina son ƙarar ƙofa in kin banko ta, ina son faɗan da nake yi miki. In na ce a'a ba za ki yi musu ba, na san ki, za ki ajiye jaka ki ɗauki tsintsiya. Za ki lafa. Kamar ta gindin kukar can — karmami kawai a ƙasa. Ni ce kukar ke nan? Ni?

Iska ta zo! Yauwa... ƙaiƙayi ya yi gefe, dawa na sauka tas. Ƙarar babur ce waccan daga hanyar Kibiya, ko injin niƙa? A can ƙasar waje wa zai ce miki Guguwa? Sunanki na yanka za su riƙa kira, baƙi, kowa da irin bakinsa, safe da yamma — ni kaɗai ce ban taɓa ba. Babu kowa kusa. Bari in gwada, iska ta ɗauke...

Afra'u.

Ashe haka yake a baki. Babur ne. Ga jan mayafinki, ga ƙaiƙayi a idona, ƙwarya har yanzu tana sama, ban sauke ba.