Mayafin Saja Ja'afaru

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da tarihi a makarantun sakandare na Gombe, kuma duk unguwar Shamaki tsofaffi ne kawai suka san sunana Bobbo. Sauran mutane Malam Burma suke ce mini. Sunan ya samo asali daga mahaifina, Saja Ja'afaru, wanda ya je yaƙin Burma ya dawo da ɗingishi da wani baƙin mayafi mai ado ja da rawaya a bakinsa biyu. Ni na gaji mayafin, kuma na gaya wa duk mai kunne cewa daga fadar Mandalay Baba ya fizgo shi ranar da wuta ta cinye ta. A kansa na haddace sarakunan ƙasar tun daga Alaungpaya har Thibaw, wanda Turawa suka fitar daga fada a keken shanu.

Gaskiya mutane sun gaji da ni. Da na ce "a zamanin Sarki Mindon" a majalisa, sai ka ga kowa ya tuna bai yi alwala ba. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa tashi ba, jikata Najeeba, wadda ta girma a gabana bayan rasuwar uwarta. Tun tana 'yar shekara biyar take zama gefen tabarmata ta tallafe haɓa, ta ce, "Tsoho, a sake na farar giwa." Ko mutum ɗaya ne ke sauraronka, ai kai malami ne. Ita ce ajina na ƙarshe, kuma ban shirya sallamarsa ba.

Sai ta shiga makarantar koyon jinya, ta haɗu da wata malama Jennifer. Matar Obioma ce, mai kantin magani a unguwar Herwagana, wanda ya je karatu Indiya ya dawo da takardar shaida da mata. 'Yar ƙabilar Thadou ce, daga duwatsun Manipur, daf da iyakar Burma. Daga nan gidana ya cika da "Anti Jennifer ta ce". Anti Jennifer ta ce mutanensu suna ɓangare biyu na iyaka, a Indiya a ce musu Kuki, a Burma a ce wa danginsu Chin, kamar dai Fulanin nan da na Garwa ta Kamaru. Anti Jennifer ta ce har gora suke ci tun tana tsiro. Rannan na miƙa wa yarinyar nan dabino, ta amsa da "ka kipah e", wai na gode ke nan da Thadou.

Kishi na ji, ba zan ɓoye ba, kishi mai hana cin tuwo. Na yi shekara hamsin ina karanta ƙasar nan a littafi, ga wata ta zo da ita a bakinta. Na ce wa Najeeba mutanen dutse ba su da tarihi, tun da ba su da fada ba su da sarki. Ta ce ai kowane ƙauye da sarkinsa, kuma sarakunan Mandalay ɗin nawa ba su cika iya hawa duwatsun ba. Na san haka ne, na karanta, shi ya sa abin ya fi ƙona ni. Asabar da take zama wurina ta koma ta Herwagana.

Na yanke shawarar kai mayafin gidan matar, a baje a faifai kowa ya san matsayinsa. Najeeba ta yi ta kawo uzuri: wai hadari ya haɗu, wai zaren ya tsufa zai yage, wai Anti tana da baƙi. Na ɗauka kunyata take ji a gaban malamarta, sai na ƙara kafewa. Bayan la'asar muka tari Keke Napep, mayafin yana cikin jaka a cinyata.

Jennifer 'yar ƙaramar mace ce mai sanyin murya, Hausarta a karye amma tana isa inda aka aike ta. Ta kira ni Baba, ta kawo shayi da madara. Ladabinta ma haushi ya ba ni, don na zo da shirin faɗa ban sami abokin yi ba. Na yi sa'a guda ina zuba: fadar katako mai rufi bakwai, fararen laimomi, Sarauniya Supayalat da mugun halinta. Sannan na warware mayafin a kan tebur, na nuna adon bakinsa na ce tambarin gidan sarauta ne.

Matar nan ta sunkuya a kan mayafin. Ta bi ɗinkin tsakiya da yatsa, ta juya bayansa, ta kai shi hanci. Ta ce yana da kyau ƙwarai, sannan ta roƙi Najeeba ta je kicin ta duba mata tukunya. Sai da yarinyar ta fita ta dube ni.

"Baba, wannan namu ne. Saipikhup muke ce masa. Adon nan gwiwar giwa ce."

Ta ce mata ke saƙa shi a masaƙar da ake ɗaurawa a ƙugu, ƙyalle biyu a haɗe su a tsakiya, ga ɗinkin nan. Ta ce a zamanin kakanninta ba kowa ke yafa shi ba, kuma in ƙauye ya ga namijin da ya yi abin a yaba, a gaban jama'a ake ɗora masa shi a kafaɗa. Ba ta san abin da mahaifina ya yi musu ba, amma ba ƙaramin abu ba ne zai sa a yafa wa baƙon soja irin wannan.

Nan na tuna abin da na daɗe da binnewa. Baba bai taɓa cewa Mandalay ba. Sau ɗaya na tambaye shi, ya ce mutanen dutse ne suka ba shi, ya ci gaba da jan carbinsa. Ni ne na ga hoton fada a littafi ina ɗan shekara goma sha biyu, na ga dutse bai isa a yi taƙama da shi a makaranta ba. Maimakon in gode wa matar, wani sabon kishin ne ya taso mini: a minti biyu ta san ubana fiye da yadda na san shi. Na ƙasƙantar da murya na roƙe ta kada ta gaya wa Najeeba. Ta ce ba za ta faɗa ba.

A hanya, don rashin kunya irin ta tsufa, har na ce wa yarinyar ta ga yadda malamarta ta rasa ta cewa. Da muka isa gida na buɗe akwati zan mayar da mayafin ƙasan kaya, sai ta karɓe shi daga hannuna, ta warware, ta zagayo ta bayana ta ɗora mini a kafaɗa, ta gyara bakinsa biyu suka sauko daidai a ƙirjina.

"Haka ake sa shi, Kaka," in ji ta.

Ba ta ce Tsoho ba. Na tambaye ta tun yaushe ta sani. Ta ce tun ranar da ta fara zuwa gidan, wata takwas ke nan. Irinsa ne a kafaɗar mahaifin Anti a hoton da ke falo, kuma yau a ƙarƙashin hoton na zauna ina bayani.

"To duk daren Juma'ar nan da kike cewa in sake miki na gobarar fada fa?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da zaren bakin mayafin. "In na daina, Kaka, wa zai saurara?"

Aka kira magariba a masallacin bakin layi, ta tashi ta zuba mini ruwa a buta.