Tsinken da Ba a Tsoma Ba

Shekara biyu ke nan mai gwajin jini tana yawo da katin awon cikin ƙanwarta a aljihun farar rigarta. Zuwan ƙanwar awo sau bakwai, duk babbar nas ta ɗakin awo ta rubuta fitsari lafiya lau, alhali ko sau ɗaya ba a tsoma tsinken gwaji ba. Haka ake yi a ɗakin awo in layi ya yi tsawo. Kowa ya sani, kowa ya yi gum. Da ƙafafun ƙanwar suka kumbura, cewa aka yi ciki ya gaji haka. Jariri ya tafi, ƙoda ta tsaya. Yanzu sau uku a mako ake ɗora ta a injin wankin ƙoda.

Ran nan da hantsi sai ga babbar nas a ɗakin gwaji, riƙe da jini da fitsarin 'yarta mai cikin wata bakwai. Ta ce a duba da kyau, fuskar yarinyar ta kumbura, kanta na sarawa.

Mai gwajin ta ce, "Anti, tsinken ɗakinku ne ya ƙare?"

Nas ta kau da kai.

Sakamakon bai yi kyau ba. Furotin fal a fitsari, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini sun yi ƙasa, ƙoda ta fara gazawa. Mai gwajin ta kira likita a waya daga ciki, ya ce yanzu za a ɗauko yarinyar daga ɗakin awo a kwantar da ita. Yarinyar ba ta da laifi. Uwar da ke zaune a benci kuwa, ta ɗan ɗanɗana tukuna.

Mai gwajin ta fito ta miƙa mata takardar bogi. Lafiya lau. Nas ta ɗago, ta ce wannan ba a gwada ba.

"Ashe kin san kamanninta."

Ta ɗora mata tsohon katin a cinya, da farar takarda da biro. Ta ce ta rubuta wa shugabannin asibiti yadda ake cika katin awo, ta sa hannu, sannan ta ga sakamakon gaskiya.

Nas ta yi magiya, ta haɗa ta da Allah. Mai gwajin ta tsaya a kanta ƙiƙam har ta sa hannu, sannan ta karɓi takardar ta ninke ta haɗa da katin.

"'Yarki na gado na huɗu, likita yana kanta tun ɗazu. Ƙanwata kuma gobe ne wankinta."