Bindigogi Shida a Kabarin Apakuki

Salanieta na rumfar mata tana naɗe tabarmin da masu gaisuwa suka kawo, sai ta hango su suna haurowa daga bakin teku: sojoji bakwai cikin kaki, shida rataye da bindigogi, sajansu a gaba rungume da saiwar yangona, wadda ake jiƙawa a sha, baƙo kuma ke miƙa wa mai gida bisa al'ada. Ta bi su da kallo. Ba tsoron soja take ba, ita da soja ya haifa. Alkawarin da ta ɗauka ne ya taso mata.

Mahaifinta Apakuki ya rasu yana da shekara casa'in da uku. Da ƙuruciya ya yi yaƙi a dazukan Malaya, ya dawo tsibirin Kadavu da lambobin yabo uku da ƙafa mai ɗingishi. Lambobin ya zuba su a gwangwanin biskit tare da ƙugiyoyin kamun kifi, ya auri Mereoni, suka haifi tara. Shekara sittin shi ke buga gangar itace ta kiran coci, kuma ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya ba ya fashi. Idan ya hau wa'azi gajere yake yi, wai Ubangiji ba kurma ba ne, mutane kuma sun bar rogo a wuta. Jikoki da tattaɓa-kunne kuwa sun haura tamanin. Ya san sunan kowa, amma ya fi son ya kira yaro da ɓarnar da ya taɓa yi, shi ya sa har yau akwai malamin makaranta mai furfura da ake ce wa Fasa-Kofi.

Mako uku kafin rasuwarsa, Salanieta na yanke masa farce a baranda, ya ce da ita, "Sala, in na tafi za su zo da bindiga. Kada ki bari."

"Baba, ai girmamawa ce."

"Na san ta, ni ma na yi wa wani. Da muka dawo, abokina Semesa bai daɗe ba ya rasu, aka sa mu harbi a kabarinsa. Ƙarar farko 'ya'yansa huɗu suka watse cikin gonar gwaza suna ihu. Kafin a tattaro su an rufe ubansu. Ni ban yi wahalar tara yaran nan don a kore su daga kaina ba. Ina son kowannensu a kusa, har mai rarrafe."

Ta ce ta ji, ta kuma ɗauka. Matsalar ita ce daga ita sai shi a barandar.

Kafin ta gama naɗe tabarmar hannunta, ta jiyo ana tafa hannu a zauren maza, alamar an karɓi baƙi. Ƙanenta Ilaitia, babba a cikin 'ya'ya maza, ya karɓi yangonar sojoji a madadin gida. Wanda ya karɓi yangona kuwa ya karɓi abin da aka zo da shi ke nan, mace kuma ba ta tsoma baki a wannan zama. Sai ta jira shi a bayan gida, inda samari ke haƙa ramin gasa alade.

"Ilaitia, gobe ba za a yi harbi ba. Baba ya hana."

"Haba Yaya! Yanzu? Na riga na karɓa a gaban kowa."

"To ka mayar."

"A ina kika taɓa ganin an mayar? Kwana guda mutanen nan suka yi a kan ruwa. So kike a ce gidan Apakuki ya kunyata baƙi? Kuma wa ya ji wannan maganar ban da ke?"

"Ƙarya na yi wa gawar ubana ke nan?"

"Ban ce ba. Amma Baba a ƙarshen nan ai kin san..."

"Baba a ƙarshen nan shi ya gyara maka ayar da ka karanta ba daidai ba ranar Lahadi. Kada ka soma."

Samarin suka sunkuyar da kai suna dariya ƙasa-ƙasa. Ilaitia ya juya ya tafi. Ba mugu ba ne, yana son ubansa, kuma a ganinsa ƙarar bindiga ce kaɗai za ta shaida wa tsibirin nan irin mutumin da aka rasa.

Da rana ta kai wa sojojin abinci da kanta, ta zauna kusa da Saja Manasa, wanda bai wuce sa'ar ɗanta na uku ba. Ta gaya masa komai. Ya saurara da ladabi, har ya ajiye cokali.

"Mama, harsashin ba mai kisa ba ne, ƙara ce kawai."

"Ƙarar ce ba a so, ɗana."

"Umarni aka ba ni. In mai gidan ya ce a fasa, sai a fasa. Amma shi ya karɓe mu."

"To ci abincinka, kada ya huce," ta ce. Ta tashi ba tare da ta ji haushinsa ba. Ta riga ta san abin da za ta yi.

Washegari da hantsi aka fito da akwatin daga coci lulluɓe da tuta, aka hau tudun makabarta ana waƙar yabo. A al'ada yara can baya suke tsayawa wurin iyayensu mata. Salanieta ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta kamo hannun wannan, ta karɓi wancan daga goyo, ta jera su a bakin kabarin har suka zagaye shi, manya suka ja baya dole. Ilaitia ya harare ta. Ta dube shi ido cikin ido har ya kawar da kai.

Fasto ya gama addu'a, aka naɗe tuta, aka saukar da akwatin a kan tabarmi. Saja Manasa ya daka tsawa, bindigogi shida suka tashi sama lokaci guda. Tsawar kaɗai ta isa. Wata 'yar shekara uku, Litiana, jikar Ilaitia, ta ƙwalla ƙara ta toshe kunnuwa, na kusa da ita suka kama, iyaye mata suka fara kutsowa su janye 'ya'yansu.

"Kada wadda ta taɓa min yaro!" in ji Salanieta.

Ta taka zuwa gaban sojojin da baƙar rigarta, ta tsaya.

"'Ya'yana, mun gode da zuwanku, Allah ya mayar da ku lafiya. Mutumin nan soja ne kamarku, ya kuma bar umarni. Ya ce yana son yaran nan a kusa da shi lokacin da za a rufe shi. Ga su nan na kawo. In kun harba za su gudu. Ni dai na isar."

Litiana na ta kuka. Saja bai dubi Salanieta ba, Ilaitia ya duba, don maganar a hannunsa take. Kunya ta kama Ilaitia, kowa ya gani. Sannan ya ratsa mutane, ya durƙusa ya ɗauki jikarsa, ya share mata fuska da gefen rigarsa.

"Saja, ku yi haƙuri," ya ce. "Laifin nawa ne. Ku sauke."

Aka sauke bindigogin. Saja Manasa ya ƙame, ya ɗaga hannu ya sara wa mamacin, sauran shidan suka bi shi.

Ilaitia ya damƙi ƙasa ya zuba a tafin Litiana, ya matsa da ita bakin ramin. Ta leƙa, ta watsa, rabi a kan akwatin, rabi a kan takalminsa. Daga nan yara suka shiga layi. Ba abu ne mai sauri ba: wani sai ya koma ya ƙaro, wata ta ƙi sakin tata sai da aka lallashe ta, jarirai kuma iyayensu ke buɗe musu yatsu. Rana ta take, gumi na bin fuskar sojojin yana ɗiga daga haɓarsu, amma babu wanda ya sauke hannu.

Salanieta na tsaye a kan kabarin tana kiran sunan kowane yaro da ƙarfi idan ya zo, yadda mai kabarin zai ji. Sai da na ƙarshe ya wuce, jaririn wata biyu da aka shafa wa ƙasar a tafin hannu, sannan ta sunkuya ta ɗebi tata.

"Baba, ga su nan duka," ta ce. "Ba wanda ya gudu."

A nan ne kukan da ta riƙe tun ranar rasuwar ya ƙwace mata.