Kwalbar Yara Goma

"Ku nawa ne yau?" Majo Fatsuma, mai kula da ɗan asibitin ƙauyen da ke yankin Droum, ta leƙo daga ɗakin allura.

"Mu huɗu ne," in ji Kande, tana gyara goyon ɗanta Idirisu.

Majo ta girgiza kai. Kwalbar allurar ƙyanda ta yara goma ce, in an fasa ta kuwa, bayan awa shida abin da ya rage sai zubarwa. Daga ƙasar waje ake kawo ta, ba kullum ake samu ba, shi ya sa Majo take lallaɓa ta kamar ƙwai. Kande kuma zuwanta na uku ke nan a ƙafa, ga ƙyanda ta shiga ƙauyen da ke kusa da nasu. Hankalinta a tashe yake.

"Majo, in na kawo shida fa?"

"Kawo su, in fasa."

Kande ta sauke Idirisu, ta miƙa wa Kaka mai shara, ta ci ɗamara. Ta bi bakin famfo, ta bi injin niƙa, ta faɗa wani gidan suna ba gayyata. Baki dai Allah ya ba ta.

"Wadda ta ƙi biyo ni, ranar bikinta ta nemi wata mai tuya!"

Kafin azahar sai ga ta da zugar mata, yaransu har bakwai ba ta lura ba, ana tafe ana dariya. Majo ta fasa kwalba. Kande ta zama sarkin layi: karɓi katin wannan, riƙe hannun wancan, rarrashi mai kuka, tsokani uwar da ta runtse ido tun allura ba ta taɓa ɗanta ba.

"Goma cif!" in ji Majo, ta jefa kwalbar a kwali.

Kande ta rangaɗa guɗa. Guɗar ce ta tashi Idirisu, wanda tun ɗazu yake barcinsa a bayan Kaka, can ƙarƙashin bishiyar bedi.

Kande ta dubi ɗanta, ta dubi kwalin, idonta ya ciko da hawaye.

Majo Fatsuma ta daɗe tsaye gaban firijon ajiyar allurai. Sannan ta buɗe, ta ɗauko kwalba ta biyu, ta fasa.

"Kawo shi nan," ta ce. "Ke kuma ƙara ɗaure zanenki. Awa shida gare ki, yara tara nake so."