Aron Da Ba A Mayarwa

"Bakwai ba ta fita daga biyu," Malamar aji biyu ta karanta daga littafin jagora, yatsanta a kan layin. "Sai mu yi me?"

"Sai mu ara!" ajin ya amsa baki ɗaya.

"A wurin wa?"

"A wurin maƙwabci!"

A bencin baya, jami'in sa ido ya gyaɗa kai. Tun da aka kawo sabon tsarin koyar da lissafi, an rubuta wa malamai duk abin da za su faɗa, har inda za su tsaya yara su tafa. A wurin bita an ce musu ta haka kowane yaro zai ji darasi iri ɗaya. Ba wanda ya tambaya ko kunnuwan yaran ma iri ɗaya ne.

Malama ta zaga tsakanin benci. Talatin da biyu a ɗebe sha bakwai. Yawancinsu sun rubuta sha biyar. Yarinyar da ake kira Shiru-shiru, mai zama kusa da taga, ta rubuta ashirin da biyar, da rubutunta mai tsabta kamar na babba.

Da aka fita tara, hedimasta ya tare Malama a baranda.

"'Yar taki ta sake faɗuwa ko? Jami'i zai gwada masu rauni bayan tara. Wanda bai ci ba, aji ɗaya zai koma."

"Ranka ya daɗe, yarinyar nan tana da kai. A tarawa ba mai kama ta."

"To ta tara mana a aji ɗaya. Malama, ni ma umarni aka ba ni."

Ta koma aji ta tarar da Shiru-shiru ita kaɗai, tana ƙoƙarin fiƙe wani guntun fensir da bai kai ɗan yatsa ba.

"Zo nan, 'yata. Yi min wannan a allo, ki riƙa faɗa ina ji."

Yarinyar ta karɓi alli. Muryarta sai an kasa kunne.

"Bakwai ba ta fita daga biyu. Na ari ɗaya a wurin uku, ya koma biyu. Sha biyu a ɗebe bakwai, saura biyar." Ta rubuta biyar. Sannan ta goge ƙaramar biyun da ta rubuta a saman uku, da gefen hannunta, a hankali.

"Tsaya. Me ya sa kika goge?"

"Na gama da shi, Malama. Na mayar masa."

"Kin mayar wa wa?"

"Maƙwabcin." Ta ɗago kai, karo na farko. "Mama ta ce in ka ari abu ka mayar tun ba a aiko ba. Ranar da muka manta da dutsen gugar maman Ƙarami, har ƙofar ɗakinmu ta zo tana faɗa, duk gidan haya aka fito kallo."

Malama ta zauna a bakin tebur. Ta duba aikin yarinyar na baya: duk inda akwai aro, amsar ta ɗara da goma, ba ƙari ba ragi. Yarinyar ba ta taɓa kuskure ba. An ce mata aro, ta yi aro irin na mutanen kirki. Kalmar ce ƙarya. Ba maƙwabci, ba aro. Ƙulli ne na goma ake kwancewa, kuma abin da aka kwance aka raba ba ya komawa ƙulli.

A ƙasan kabad akwai tsinkayen tsintsiya ɗaure goma-goma da roba, waɗanda take koyarwa da su kafin a kawo littafin jagora. Ta jawo su, ta ajiye ƙulli uku da tsinke biyu.

"Kin ga wannan? Duk naki ne. Idan kika kwance..."

Aka buga ƙararrawa. Jami'in ya shigo yana goge baki da hankici, ya dubi tsinkayen.

"Hajiya Malama, shara za a yi?"

"Yallaɓai, kalmar aron nan ce ke rikita ta. Ka ba ni zuwa gobe."

Bai yi fushi ba, ya ma ja numfashi kamar mai tausayi. "Gobe ina wata makaranta. Kuma in kowace malama ta sauya kalma, ta yaya za mu san ko tsarin na aiki? Ki rubuto shawara, za a duba."

"A aji ɗaya za ta jira a duba?"

"Ba ni na tsara ba, Malama."

Yara suka fara shigowa. Aka ware masu rauni a bencin gaba, jami'in yana raba takardu. Guntun fensirin Shiru-shiru ya karye tun kafin ta rubuta sunanta. Malama ta zare nata daga bayan kunne, sabo, mai magogi a kai, ta durƙusa ta miƙa mata. Bakinta na kusa da kunnen yarinyar. Abin da ya rage mata bai wuce numfashi ɗaya ba, ƙulli da kwancewa kuwa ba sa shiga numfashi ɗaya.

"Ki ji ni," ta raɗa. "Aron makaranta ba a mayarwa. Kin ji? Ba a mayarwa."

Yarinyar ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta sunkuya.

Shiru-shiru ta cinye tambayoyin duka. Jami'in ya ɗaga takardar yana murmushi. "Kin gani? Tsarin na aiki, haƙuri kawai yake so." Hedimasta ya leƙo ta taga ya ɗaga mata babban yatsa.

Da aka tashi, Malama tana mayar da tsinkayen kabad, ta hangi Shiru-shiru a bakin ƙofa da sabon fensirin a hannu. Yarinyar da ko magogi ta ara sai ta biyo mutum har bakin titi ta mayar. Ta juya fensirin, ta dubi Malama, ta dubi jakarta.

Malama ta miƙe da ƙullin tsinkaye a hannu.

Yarinyar ta zura fensirin cikin jaka, ta ja zif, ta ce, "Sai gobe, Malama."